Lamunin gida na NHF a Kano: ruwan da sauƙi, kuɗaɗen gefe ne abin dubawa

Ma'aikacin da ke cikin tsarin Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, ana yankar masa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata, bisa dokar 1992. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, ne ke riƙe da asusun. Ka yi wata shida kana zubi ba yankewa, ka cancanci neman lamuni.

Ruwan kashi 6 ne a shekara, biya har shekara 30, kuma babu bankin kasuwanci a Kano da zai ba ka kusa da haka. FMBN na miƙa wa bankin lamunin gida da ka nema ta hannunsa kuɗin a kashi 4, shi kuma ya ba ka a 6. Ta nan tsarin ya ci yabo.

Sai dai a yi lissafi. Naira miliyan 10 a shekara 20 na cin kusan N71,600 duk wata, kuma ba a yarda biya ya wuce sulusin abin da kake samu ba. Ke nan sai mai ɗaukar wajen N215,000. Mai mafi ƙarancin albashin Kano, N71,000, da ƙyar ya kai miliyan huɗu ko da an ja masa shekara 30. Shekaru ma na cin mutum: ɗan 45 shekara 15 kawai ta rage masa kafin 60, lokacin da ake so ya gama biya.

Inda takardu suka fi maƙalewa shi ne shaidar mallaka. Takardar mai unguwa da shaidu, wadda ake cinikin filaye da ita a unguwanni da dama, ba ta tsayawa jingina. Ana son satifiket na gwamnati mai rajista a KANGIS (hukumar rajistar filaye ta Jihar Kano), zanen gini da aka amince da shi, rahoton mai ƙiyasta darajar gida, shaidar biyan haraji, da amincewar gwamna kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Kowacce da kuɗinta. Ga na lauya, ga inshora.

Kada a raina irin waɗannan ƙananan kuɗaɗe. A Amurka, kamfanonin Fannie Mae da Freddie Mac, masu sayen bashin gidaje daga bankuna, na karɓar kuɗin tsaya wa lamuni domin rufe asarar wanda ya kasa biya. A 2011 majalisa ta ƙara kashi 0.1 a kai na shekara goma, ta karkatar da shi baitulmali don cike giɓin rangwamen harajin albashi na wata biyu kacal. A 2015 aka sa ƙa'ida a ƙudurin kasafi da ke hana lissafa wannan kuɗi a matsayin maganin giɓi, amma dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta sake tsawaita ƙarin zuwa 2032. Mai biyan bashin gida ne ke ɗauke da nauyin, kuma wannan bai dace ba.

Don haka kafin ka sa hannu, nemi bankin ya rubuto maka kowane caji: nawa ne, sau ɗaya ne ko duk shekara, aljihun wa zai shiga. Ka kuma karɓi bayanin zubinka daga FMBN tun da wuri, domin wasu wuraren aiki na yanka ba sa turawa. Mai gudun kuɗin ruwa ya tambayi tsarin haya zuwa mallaka, ya kai wa malamin da ya san mu'amalat yarjejeniyar ya karanta ta sharaɗi bayan sharaɗi.