Sharhi: Zagayen Tsohon Garin Bauchi da Ɗan Jagora

Akwai wasu samari a Bauchi da suka mayar da zagayawa da baƙi sana'a. Ka yi musu magana ta WhatsApp, su turo maka ɗan jagora da Keke Napep, ku yi cinikin rabin yini. Na ɗauke su ne da 'yan uwa suka zo mana biki daga Kano, yara suka dame ni da a kai su yawo. Kuɗina bai tafi a banza ba, amma akwai gyara.

Amfanin ɗan jagora a Bauchi shi ne abin da ka zo gani ya kusa ɓacewa. Ganuwar da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kewaye garin da ita bayan ya kafa shi a 1809 ta haura kilomita 10, amma ruwan sama da masu gini sun cinye mafi yawanta. Kai kaɗai sai ka wuce ta ka ce tudu ne kawai. Yaron da aka haɗa mu da shi ya shigar da mu wani lungu, ya tsayar da keken a bayan gidaje, ya ce, "Hajiya, ku sauko ku taɓa." Jar ƙasa ce mai tauri, zaizaya ta tsattsage ta, wata akuya na kwance a samanta tana tuƙa. Da ya sa yaran suka auna kaurin gindin da taku, sai suka daina wasa da waya.

A ƙofofi ma ya yi ƙoƙari. Na Wunti, Ran, Nassarawo, Wambai da Jahun da muka bi, ginin zamani ne, kuma bai ɓoye mana ba, abin da ya burge ni ke nan. Ya bayyana cewa Ƙofar Inkil tana duban Inkil, inda Yakubu ya zauna kafin a dawo nan. A ƙofar fada ya koya wa yaran yadda ake gaida dogarai, ya ba da labarin yadda aka taɓa mayar da sarauta garin Rauta, har zuwan Turawa a 1902. Ciki dai ba mu shiga ba, shiga fada sai da izini tun kafin ranar.

Inda muka fi daɗewa shi ne kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Ana cire takalmi, a bi wata doguwar hanya mai duhu, haske na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, sai ka fito fili ba rufi, ga kabarin nan ba wani ado. Bayanin wurin ma'aikatansa ne suka yi, namu ya koma gefe yana amsa waya.

To ga ƙorafina. Gaggawa ta yi masa yawa. Tun muna kallon hotuna da kayan marigayin yake ta duba agogo, ashe wasu baƙin na jiransa. Sannan sun san yawanmu tun a waya, amma keke ɗaya suka turo, muka cusu yara kan cinya cikin rana. Na tambaye shi gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860, shi ne maginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, sai ya ce wannan wajen gari ne, kuɗinsa daban. Gaskiyarsa ce, akwai 'yar tafiya a hanyar Ningi, amma da an faɗa mini tun farko da na shirya mota.

Wanda zai ɗauke su ya sa su rubuto masa wuraren da za a je kafin ya tura ko kwabo, ya kuma ce lallai a fara da sassafe. Masar Bauchi kuwa kada ku yarda a ce sai an gama zagaye. Mu da muka biyo ta Wunti bayan azahar mun tarar mai masar da ya yi ta yabo ta kife tanda.