Gargaɗi ga Masu Neman Tsohuwar Jitar Martin a Intanet

Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga makaɗa da masu ɗakunan ɗaukar sauti, game da wani mutum da ke tallata jita a Facebook da WhatsApp, yana cewa tsohuwar Martin D-28 ce ƙirar 1952 wadda ya gada daga kawunsa a Amurka. Saura ƙiris wani abokin sana'ata ya tura masa kafin alƙalami, sai Allah ya sa ya fara nuna mini hotunan. Ambaton sunan mutumin ba shi da amfani, domin yakan sauya suna da lambar waya, amma tarihin jitar da yake tallatawa ya isa ya tona masa asiri.

Wani Bajamushe mai suna Christian Frederick Martin ne ya kafa kamfanin jita na Martin a birnin New York a 1833, sannan ya mayar da shi garin Nazareth na jihar Pennsylvania a 1839, inda yake har yau. A 1916 suka fara ƙera jita mai babban jiki domin kamfanin Ditson mai sayar da kayan kiɗa, aka laƙaba mata sunan jirgin ruwan yaƙin Birtaniya, Dreadnought, kuma daga nan harafin D ya samo asali. Ita D-28 ta fito a 1931. Waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu su ne suka fi daraja, saboda a lokacin ana sassaƙe 'yan sandunan da ke tallafe da fuskar jitar daga ciki har su yi siriri, abin da ke sa katakon ya amsa sauti sosai, kuma an daina wannan sassaƙa a 1944.

Jitar da ke cikin hotunan tana da adon nan mai kama da ƙayar kifi zagaye da gefen fuskarta. Martin ya bar wannan ado wajen 1947, bai dawo da shi ba sai a 1976, a samfurin HD-28. Saboda haka D-28 ta 1952 ba ta fito daga masana'anta da shi ba. Ko dai sabuwa ce aka yi mata ƙaryar shekaru, ko jabu ce, ko kuma, wanda na fi zato, hoton jitar wani ne aka ɗauko a intanet, mai tallar bai taɓa riƙe ta ba.

Sabuwar jita mai siffar ta dā ba abin ƙi ba ce. Martin da kansa yana sayar da irinsu, kamar D-28 Authentic 1937, wadda ake haɗawa da gam na fatar dabba kamar yadda magabata suka yi, kuma a fili yake faɗin cewa sabuwa ce. Damfarar tana wajen sayar da ta jiya da kuɗin ta shekara saba'in.

Mun nemi mai tallar ya turo lambar ƙira. Ana buga ta a kan katakon da ke gindin wuya daga ciki, ana hango ta ta ramin sauti, kuma tun 1898 lambobin Martin suke tafiya a jere, ta yadda kowa zai iya gwada lamba da jadawalin shekaru da kamfanin ya wallafa. Sai ya ce ai an riga an ɗaure kayan a kwali.

Sai batun fito. Har zuwa 1969 bayan D-28 da gefunanta na katakon rosewood na Brazil ne, wanda yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a tsakanin ƙasashe, ta sa a jerin mafi tsananin kariya tun 1992, don haka jita ta 1952 ba ta tsallake iyakar ƙasa ta hanyar ciniki sai da takardun izini. Shi kuwa cewa ya yi wani matafiyi zai kawo ta cikin kayansa, a dai tura rabin kuɗi da na kwastam kafin Juma'a, wai akwai mai jira.

Abokina ya ce masa ya ɗauki bidiyo yana kaɗa jitar, da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a gefenta, ya kuma haska lambar da tocila. A daren nan mai tallar ya toshe shi. Bayan kwana biyu tallar ta sake bayyana da sabon suna da hotunan nan dai, sai dai yanzu jitar ta zama ƙirar 1958.