Bashin da Banki Ya Cire Rai da Shi: Yadda Ake Yi a Amurka

Yaya, barka da war haka. Ina fata kana lafiya tare da iyali.

Tambayar da ka aiko ta sa ni murmushi: wai da gaske ne a Amurka in mutum ya kasa biyan bashin banki, bayan wata shida sai a yafe masa? Ban san wanda ya kai muku labarin ba, amma rabi ya ɗauko ya bar rabi a hanya. Wata shidan gaskiya ne. Yafewar ce babu.

Banki a nan ba shi da damar zama yana lallashin kansa cewa kuɗinsa za su dawo. Tun shekarar 2000 hukumomin da ke sa ido kan bankuna suka gindaya ƙa'ida guda kan rancen ɗaiɗaikun mutane, kuma da kwanaki ake lissafi, ba da sanayya ba. Ka makara da kwana 30, sunanka ya tafi wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin jama'a. Ka kai kwana 90, rancen ya bar sahun lafiyayyu ya koma mai rauni. In rance ne mai wa'adi da ake biya kashi-kashi, irin na mota, yana cika kwana 120 dole banki ya cire shi daga cikin kadarorinsa ya rubuta shi a asara. In katin bashi ne, kwana 180, nan wata shidanku ya samo asali. Rancen gida kuma, a kwana 180 sai a sake yi wa gidan kuɗi, abin da bashin ya haura darajarsa shi ake rubutawa a asara.

Matakan ba baƙi ba ne a wurinmu. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2010 ita ma uku ta kasa rance marar lafiya. Wanda ya wuce kwana 90 mai rauni ne, banki ya ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin a matsayin ko-ta-kwana. Ya wuce kwana 180 ya zama abin shakka, a ware rabi. Sai ya haura kwana 360 ake kiransa ɓatacce, a ware kuɗin gaba ɗaya. Ka ga kenan abin da bankin nan ke yanke wa ƙauna a wata huɗu ko shida, namu yana iya riƙe shi shekara guda. Daga farkon 2018 bankunanmu suka ƙara da tsarin lissafi na duniya, IFRS 9, wanda ke tilasta musu hasashen asara tun ranar da aka ba da rancen, ba sai an ji shi shiru ba. Manyan bankunan Amurka sun koma nasu makamancin wannan a 2020.

Duk wannan rabe-rabe ba don mai cin bashin ake yi ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Kuɗin da banki ke rantarwa na masu ajiya ne. In ya ci gaba da ƙirga mataccen bashi cikin dukiyarsa, littafinsa ya zama ƙarya, yana nuna riba alhali asusu fayau. Mu ai mun gani. A watan Agustan 2009, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi yana Gwamnan Babban Banki, aka tuɓe shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, saboda basussukan da suka daɗe da mutuwa suna nan a rubuce kamar masu rai. Sai da aka zuba naira biliyan 620 a bankunan da abin ya shafa kafin su miƙe, shekara na zagayowa aka kafa AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussukan. Har yau tana bin tiriliyoyin naira.

Dabarar da bankuna ke yi a ko'ina ita ce su sabunta wa mutum yarjejeniya don kwanakin su koma farko, rance ya sake zama lafiyayye a takarda. A nan an toshe wannan ƙofa, saura 'yar kafa: katin bashi sai mai shi ya biya sau uku a jere kafin a mayar da shi sahun lafiyayyu, kuma ba a yi masa haka fiye da sau ɗaya a shekara, ko sau biyu a shekara biyar.

To, me ke samun wanda aka rubuta bashinsa a asara? Wani abokin aikina ya nuna min takardunsa, da yardarsa nake ba ka labari. Ya rasa aiki, katinsa ya taru, watanni suka shuɗe. Da farko waya ba ta hutawa, wasiƙu suna zuwa. Sai kawai ɗif. Ya ɗauka an manta da shi. Can bayan ya samu wani aikin, sai ga farar ambulan daga kamfanin da bai taɓa jin sunansa ba. A ciki akwai sunan bankinsa na da, lambobi huɗu na ƙarshen katin, jimlar kuɗin har da 'yan senti, da layi guda mai cewa yana da kwana 30 in yana da ja. Banki ya sayar da bashin.

Kasuwa ce guda a nan, Yaya, ta sayen bashin da aka cire rai da shi, ana haɗa na dubban mutane a sayar a dunƙule. Binciken da hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fitar a 2013 ya nuna masu sayen kan biya kimanin senti 4 kan kowace dala. Wato bashin dala 5,000 a dala 200. Shi ya sa suke saurin yarda da ragi: ko rabi ka ba su sun ci kasuwa. Amma a doka duka kuɗin suke binka, kuma suna iya kai ka kotu.

Horon gaske kuwa ba a kotun yake ba. Kamfanoni uku ne, Equifax da Experian da TransUnion, ke riƙe da tarihin kowa, daga nan ake fitar wa mutum maki tsakanin 300 zuwa 850. Tabon bashin da aka rubuta a asara shekara bakwai yake yi a wurin, ko ka biya daga baya sai dai a rubuta an biya. Cikin shekarun nan mai gidan haya zai duba ya ce ba ɗaki, mai sayar da mota ya lafta maka kuɗin ruwa, kamfanin waya ya nemi ka ajiye wani abu tukuna. Ba mai ɗaga maka murya, ƙofofi ne kawai ke ƙin buɗuwa.

Mu namu da hayaniya ne. A 2015 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa buga sunayen masu taurin bashi a jaridu. Manhajojin ba da rance na waya suka ɗauki abin suka wuce gona da iri, suna tura wa duk lambar da ke wayar mutum saƙon cin mutunci, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta taka musu birki a 2022. A nan dokar 1977 ta hana kamfanin bin bashi ya kira ka kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ta hana shi gaya wa maƙwabcinka ko mai gidanka a wurin aiki cewa ana binka. Wannan kam sun fi mu, ba na tantama.

Sai dai akwai inda hannun bankinmu ya fi nasu tsawo. Daga Agustan 2020, da tsarin GSI da lambar BVN, bankin da ke binka yana iya kwashe kuɗinsa daga asusunka na wani banki, tunda ka sa hannu a kan haka ranar karɓar rance. Na nan sai ya samo hukuncin kotu kafin ya taɓa asusunka na wani wuri, albashi kuma ba a yankar fiye da kashi 25 cikin 100. Kowace jiha ma tana da wa'adin da in ya wuce ba a iya kai ƙarar tsohon bashi, yawanci shekara uku zuwa shida. Tarkon shi ne, a wasu jihohin ka biya ko dala 10 ce da kyakkyawar niyya, wa'adin ya dawo sabo.

In kuma an yafe ɗin da gaske, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abokin nan nawa ya daidaita da kamfanin, ya biya wani kaso suka bar masa saura. Farkon shekara sai ga takarda mai lamba 1099-C. Duk bashin da aka yafe daga dala 600 zuwa sama ana sanar da hukumar haraji, ita kuma tana ɗaukarsa kuɗi ne da suka shigo maka, sai ka biya haraji a kai, in ba ka nuna cewa a lokacin basussukanka sun rinjayi abin da ka mallaka ba.

A gaida mutanen gida duka.