Faifan farko na Ramones, bugun cikar shekara 40: sautin mono ne ya biya kuɗin

Duk wanda ya san kundin farko na Ramones, ƙungiyar makaɗan punk (rock mai zafi da sauri) ta mutum huɗu daga New York, ya san aibinsa: saka iyafis a kunne ɗaya, rabin kiɗan ya tafi. Haka aka haɗa shi a 1976, jita a gefe guda, bes a ɗaya gefen, ganguna da muryar Joey a tsakiya, irin tsarin tsofaffin fayafayan Beatles. Sifika ɗaya ta mutu a mota, to sai dai ka ji bes ɗin Dee Dee yana gurnani shi kaɗai, ko jitar Johnny tana ƙara babu abin da ke riƙe ta daga ƙasa.

Bugun 2016, mai CD 3 da faifan garmaho 1, shi ya kashe wannan ƙorafi, kuma ban zaci zai yi tasiri haka ba. Craig Leon, wanda ya shirya kundin tun asali, ya koma kan tef ɗin farko ya sake haɗa waƙoƙin 14 a mono, wato duk sautin a hanya ɗaya, ba a raba shi hagu da dama kamar sitiriyo ba. Da waƙar Blitzkrieg Bop ta fara, jita da bes suka dunƙule wuri guda suka doki ƙirji. Johnny ba ya kaɗa jitarsa ta Mosrite sama da ƙasa kamar sauran makaɗa, ƙasa kawai yake saukar da hannu, ba hutu, kuma Dee Dee na bin sa daki-daki. Ƙarfin salon yana cikin haɗuwarsu, raba su da aka yi shi ya rage masa kaifi tsawon shekara 40.

Kada wani ya ce maɓallin mono na waya zai ba shi wannan. Idan ka narkar da tsohon sitiriyo zuwa hanya ɗaya, abin da ke tsakiya, wato ganga da murya, shi ke ƙara ƙarfi, jita da bes kuma su ja baya. A nan kowane kayan kiɗa an sake auna shi ne daga tushe. Ga masu garmaho kuma: faifan mono ne, don haka in amfilifayarka na da maɓallin mono, danna shi, ƙarar ƙura da allura ke kwasowa daga gefe za ta ragu sosai.

Abin mamaki shi ne yadda aka yi aikin da ƙaramin kuɗi. Dala 6,400, kimanin mako guda, a sitidiyon Plaza Sound da ke cikin ginin Radio City Music Hall a New York. Kamfanin Sire ya fitar da shi ranar 23 ga Afrilu 1976, duka-duka minti 29, babu waƙar da ta kai minti 3. Bai yi kasuwa ba, a lamba 111 ya tsaya a jadawalin Billboard, sai 2014 ya kai matsayin zinare, shaidar yawan ciniki, a Amurka, shekarar da Tommy mai ganga, na ƙarshe cikin su huɗun na asali, ya rasu. Amma wasansu na Roundhouse a Landan ranar 4 ga Yuli 1976 da na Dingwalls washegari, inda 'yan ƙungiyoyin punk na Clash da Sex Pistols suka je, sun ƙara wa punk na Ingila wuta.

Sai dai fa raina ya ɗan sosu da CD na uku. Wasanni biyu ne na kulob ɗin Roxy a dare ɗaya, 12 ga Agusta 1976, kusan waƙoƙi iri ɗaya, gudu iri ɗaya. Sau ɗaya za ka ji, ka ajiye. CD na biyun ma, na gwaje-gwajen farko, sai mai son bin diddigi. Sannan faifan garmahon mono kaɗai ke kansa, wanda ke son tsohon sitiriyo a kan allura dole ya nemi wani bugun daban. Ke nan akwati guda ka saya da tsadarsa saboda minti 29. Wanda ya riga ya mallaki tsohon CD kuma da sifika biyu masu lafiya yake sauraro, ya fara jin waƙar Chain Saw ta mono a intanet kafin ya zaro kuɗi. Ni dai tsohon haɗin ba na komawa gare shi.