Wata biyar ina jinyar wuyan hannu a wani asibitin ƙashi mai zaman kansa a Kano

Ni tela ne, kuma rabin abincina daga aikin wuya na hannu yake fitowa, irin wanda ake zama da allura da zare a kan babbar riga har tsawon makonni. Saboda haka ranar da babur ya zame da ni a kan jiƙaƙƙiyar kwalta a tsakiyar damina, na kai tafin hannun dama na dafa ƙasa, kuma na tashi na ga wuyan hannun ya lanƙwashe kamar bayan cokali, tunanin shagona ne ya fara zo mini kafin zafin ya iso. Na rubuta wannan bayani ne domin mutane da dama sun tambaye ni inda aka yi mini aiki da kuma ko wurin ya cancanci kuɗinsa. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, saboda akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu, amma wanda ya karanta zai san abin da ya kamata ya duba a duk inda ya je.

Kamar yawancin mutanenmu, wurin mai ɗori aka fara kai ni. Dattijo ne da unguwarmu ta daɗe da yarda da shi, kuma ba na raina sana'arsa, domin na ga ƙafafun da ya ɗora suna tafiya lafiya. Ya ja hannun, ya jera karare, ya ɗaure tamau. Kwana biyu ban runtsa ba. Yatsuna suka kumbura suka yi sheƙi, babban yatsa da manuni da na tsakiya suka mutu, ina taɓa su kamar ina taɓa hannun wani. Yayata ce ta ce ba za a kwana na uku a haka ba. A Kano idan aka ce ƙashi, Asibitin Ƙashi na Dala ne yake fara zuwa bakin kowa, amma ita a wannan ƙaramin asibiti aka yi wa mijinta aikin kafaɗa, ta san likitan, don haka can ta nufa da ni.

Abin da ya fara sa na yarda da wurin ya faru ne kafin in yanki kati. Wata ma'aikaciyar jinya mai matsakaicin shekaru, wadda kowa yake kira Sista, ta hango launin yatsuna daga inda take zaune, ta taso ta ce wa mai karɓar kuɗi ya dakata. Ta kai ni wani ɗaki ta sa almakashi ta yanke ɗaurin nan take, sannan ta ga zoben azurfa da ya nutse a cikin naman yatsana. Ta shafa sabulu, ta naɗa siririn zare a yatsan daga sama zuwa ƙasa, ta riƙa warware shi a hankali har zoben ya fito ba tare da an yanka shi ba. Ta ce mini, “Malam, duk ranar da hannu ya ji rauni, zobe ake fara cirewa tun kafin kumburi ya zo.” Ta danna farcena ya yi fari, ta saki tana kallon yadda jini yake komawa, ta maimaita a kowane yatsa. Daga baya likita ya bayyana mini cewa ɗauri mai tsanani a kan hannun da yake kumbura yana iya hana jini isa ga tsoka, tsokar ta mutu, yatsu su ƙanƙance har abada, kuma wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan ake yin wannan asara.

Likitan bai yi mini gaggawa ba. Ya ɗora hoton ƙashin a jikin fitila ya nuna mini da bakin biro cewa ƙasusuwa biyu ne suke tafiya daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, kuma wanda yake ɓangaren babban yatsa shi ne ya karye a kusa da ƙarshensa, inda yake haɗuwa da ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu. Ya ce karaya ce da ta fi kowace yawa ga wanda ya faɗi ya dafa ƙasa, har wani likita ɗan ƙasar Ayilan mai suna Abraham Colles ya bayyana irinta tun 1814, shekara 81 kafin a gano ɗaukar hoton ƙashi a 1895. Yawancin irinta, in ji shi, ana gyara ta ne a sa filasta na mako shida ba tare da wuƙa ba. Tawa ta bambanta domin tsagar ta shiga cikin gaɓar kanta, fuskar ƙashin da ya kamata ta zama sumul ta yi tudu da kwari, kuma idan ta haɗe a haka hannun zai riƙa ciwo yana ƙagewa. Mutuwar yatsun kuwa daga wata jijiya ce da take bi ta wani matsattsen rami a tsakiyar wuyan hannu, ita ce take ba babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na huɗu ji, kumburi ya danne ta. Ya tambaye ni sana'ata kafin ya faɗi shawararsa, da na ce aikin allura nake yi, ya ce tiyata ta fi dacewa da ni, amma ya jera mini haɗarinta ɗaya bayan ɗaya, har da yiwuwar ciwon ya ruɓe ko ƙarfen da za a saka ya riƙe ƙashin ya dami jijiyoyin da suke motsa yatsu.

A nan ne ƙorafina na farko ya shigo. An ba mu takarda ɗauke da jimillar kuɗi guda ɗaya, aka ce na aiki ne, muka haɗa da ƙyar da taimakon 'yan'uwa. Sai da daren tiyata ya zo aka sanar da mu cewa kuɗin ƙarfen da za a saka daban ne, na gwajin jini daban, na gado kuma kullum ake lissafa shi. Ban ce an cuce ni ba, domin da na bincika daga baya na ga haka farashin ƙarfen yake, daga waje ake shigo da shi kuma yana bin canjin dala. Amma mutumin da aka hana ci da sha yana jiran wuƙa da safe bai kamata ya kwana yana kiran waya neman rance ba. Duk wanda zai je, ya nemi a rubuta masa komai dalla-dalla tun ranar farko, har da kuɗin gashin ƙashi na bayan aiki, wanda babu wanda ya ambata mana shi sai bayan an sallame ni.

Ita tiyatar kanta babu abin da zan ce sai alheri. Ba a sa ni barci ba. Mai ba da maganin kashe zafi ya yi mini allura a saman ƙashin wuya, yana kallon wata na'ura da take nuna masa inda jijiyoyin suke, cikin ɗan lokaci hannun gaba ɗaya ya zama kamar icce. An sa labule tsakanina da hannun, ina jin ƙarar injin huda ƙashi da maganganunsu ƙasa-ƙasa, shi kuwa yana zaune kusa da kaina yana tambayata bambancin ɗinkin Kano da na Zariya domin ya ɗauke mini hankali. An tsaga cikin wuyan hannun, aka mayar da gutsattsarin ƙashin mazauninsu, aka danne su da farantin ƙarfe da ƙananan kusoshi, aka kuma saki ramin da ya matse jijiyar. Ya gargaɗe ni cewa allurar za ta sake ni cikin dare, in sha maganin ciwo kafin lokacin, kuma da ban ji maganarsa ba da na sha wuya, domin ko da maganin sai da na yi gumi.

Kwana biyu na yi a kwance. Ɗakin yana da tsabta, amma banɗaki ɗaya ne ga gadaje shida da masu jinyarsu, kuma janareta a bayan tagar ɗakin yake, barci sai wanda gajiya ta kayar. Ma'aikatan dare sun riƙa zuwa suna duba yatsuna da fitilar waya, suna gyara matashin da aka ɗora hannun a kai domin ya fi ƙirjina tsawo.

Abin da ban taɓa gani a wani asibiti ba shi ne zaman da suke yi kowace Alhamis da safe. Likita da Sista da mai gashin ƙashi da mai sa filasta suna zama a ɗaki ɗaya, a shigo da majinyaci, kowa ya faɗi abin da ya gani a gabansa. A zamana na farko, bayan an cire zare a kwana na 14, na ji mai gashin ƙashi, matashi ne da bai kai likitan shekaru ba ko kusa, ya ce, “Ranka ya daɗe, kafaɗarsa ta fara ƙagewa, ina ganin a cire masa maratayin nan.” Likitan da kansa ya ɗaga hannuna sama, ya ga inda na tsaya ina cije baki, ya ce gaskiya ne, a cire. Ni da na zo da ciwon wuyan hannu ban san cewa rataye hannu a wuya dare da rana yana iya sandarar da kafaɗa ba, kuma an ce abin ya fi kama masu ciwon sukari, shi ya sa suka sake gwada jinina. Wannan zama ya hana abin da na saba gani, inda likita zai ce a motsa, wani ma'aikaci ya ce kada a kuskura, majinyaci ya rasa na wanda zai bi.

Ɗakin gashin ƙashi shi ne inda na fi daɗewa, kuma a ganina shi ne ainihin abin da mutum yake biya a wannan asibiti, domin tiyata ba ta wuce sa'a biyu ba, shi kuwa dawo da hannun ya ci wata huɗu da ɗoriya. Kayan ɗakin ba su da yawa: igiya a kan ƙaramar gargare da ake ja domin ɗaga kafaɗa, tukunyar narkakken kakin da ake tsoma hannu a ciki ya yi ɗumi kafin a fara lanƙwasa shi, ƙwallayen roba, da wani ma'auni mai kama da na 'yan makaranta da yake auna iyakar lanƙwasar gaɓa. Kowane zuwa sai ya auna ya rubuta, ya nuna mini lambar makon jiya da ta yau. Ya fara da yatsu tun ana wankin ciwo, in dunƙule su in buɗe, in taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, sannan juya tafin hannu sama kamar mai addu'a, wanda shi ne ya fi ba ni wahala. Ɗaukar abu mai nauyi kuwa ya hana ni har sai da hoton mako na shida ya nuna ƙashin ya kama.

Hikimarsa ita ce bai ba ni takarda mai zane-zane ya sallame ni ba, ya tambaye ni abin da hannun yake yi a yini. Da na ce na kasa dafa tafin hannu a sujada, da dunƙulallen hannu nake yi, sai ya mayar da wannan ma'auninmu. Ya sa ni in tsaya a gaban tebur in shimfiɗa tafin a kai in riƙa karkato da jikina a hankali, daga nan muka koma bango, daga bango muka sauka kan tabarma. Domin aikin allura kuma ya zuba mini wake da shinkafa a faranti in riƙa tsince su ɗaya-ɗaya, daga baya ya ce in zo da allurata da ƙyalle, ya zauna yana kallon yadda nake riƙe ta, ya ce in naɗa wa almakashina tsumma a mariƙi domin kada ya riƙa danna tabon. Ya koya mini murza tabon da man kaɗanya kullum bayan ciwon ya rufe, don kada fatar ta manne da abin da yake ƙarƙashinta. Akwai ranar da na yi fushi na ce masa yana neman sake karya ni, sai ya yi dariya ya ce, “Yaya, zafin da ya lafa bayan an gama namu ne, wanda ya kwana har gobe da kumburi shi ne za ka kawo mini ƙara.” Da wannan magana na riƙa gane iyakar da zan tsaya idan ina yi a gida.

Sai dai shi kaɗai ne a ɗakin, da yarinya ɗaya mai taimaka masa. Ana ba mutum ƙarfe tara, ya zo ya tarar da mutum goma a gabansa da su ma tara aka ba su, akwai ranar da sai bayan azahar aka kira ni. Ga mai shago wannan asarar yini ce, kuma na ga mutane biyu da muka fara tare, wata tsohuwa da aka yi wa aikin kafaɗa da wani makanike da injin ya yanke masa jijiyoyin yatsu, sun daina zuwa saboda jira da kuɗin mota. Shi makaniken na haɗu da shi a kasuwa daga baya, yatsunsa biyu sun ƙage. Asibitin da ya iya kashe kuɗi a kan na'urorin ɗakin tiyata ya kamata ya iya ɗaukar mai gashin ƙashi na biyu. Sau ɗaya kuma an ɓatar da hotona na farko, aka yi ta nema a cikin fayil-fayil, sai wanda na ɗauka da wayata ne ya fitar da mu, saboda haka ina ba kowa shawara ya ɗauki hoton kowace takarda da aka miƙa masa.

Yanzu wata biyar ke nan da faɗuwar. Ji ya dawo a yatsun guda uku, sai kan manuni da yake ɗan yi mini kamar ana tsira allura idan gari ya yi sanyi, likita ya ce jijiya a hankali take farfaɗowa. Ina cin tuwo da hannun dama, ina sujada da tafi a shimfiɗe, ko da yake hannun bai kai na hagu lanƙwasa baya ba, kuma an faɗa mini tun farko cewa mai yiwuwa ba zai kai ba. Ƙarfen yana nan, ba za a cire shi ba sai idan ya fara damuna. Wanda ya samu karayar da ta shiga gaɓa, ko yankewar jijiya, ko kafaɗar da take yawan gocewa, kuma yana da halin biya da haƙurin jira, zan tura shi wurin ba tare da shakka ba. Wanda karayarsa ta filasta ce kawai, asibitin gwamnati zai yi masa aikin a kan kuɗin da bai kai wannan ba. Makon jiya na kammala wuyan riga ta farko tun bayan haɗarin, aikin da a da nake yi cikin kwana 12 ya ɗauke ni kwana 20, kuma Alhamis mai zuwa zan kai wa mai gashin ƙashin ya gani, domin ya ce sai ya duba layin ɗinkin da idonsa kafin ya rubuta cewa ya sallame ni.