Lambun Aburi: Hajiya ta ga bishiyar kirfa da idonta

Bayan Sallah muka kwashi yara da Hajiyarmu daga unguwar Nima da ke Ankara (Accra), babban birnin Ghana, zuwa lambun itatuwa na Aburi. Ni dai don yara na yarda, a zatona za su yi guje-guje a ciyawa, su hau tsohon jirgin nan mai saukar ungulu da kowa ke ɗaukar hoto a jikinsa, mu dawo. Hajiya kuwa da ƙyar ta shiga mota, wai me za ta je gani a daji da ciwon gwiwa.

Hajiyar nan tun muna ƙanana kayan yaji take sayarwa a kasuwa. Kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi, ba wanda bai bi ta hannunta ba, amma kullum a buhu suke zuwa mata. Mai yi mana jagora, wani saurayi mai haƙuri, da ya ji sana'arta sai ya canja hanya ya kai mu wajen bishiyoyin ƙamshi. Ya ɗan karce bawon wata bishiya da farce ya ce, "Hajiya, shinshina ki gaya mini." Ta kai hanci, ta yi shiru, sai ta ce, "Kai ɗan nan, kirfa ce! Ashe haka uwarta take?" Wallahi sai da ta dafa bishiyar da hannu biyu tana tasbihi. Ya nuna mata ta gyaɗar ƙamshi, ta tsaya tana yi wa jikokinta bayanin wadda ake sa wa a kunu da wadda ake ba mai jego. Matar da ta ce ba za ta iya tafiya ba, mu ne muka riƙa roƙonta ta zauna ta huta.

A gindin wani ƙaton rimi muka shimfiɗa tabarma. Jagoran ya ce rimin ya girmi lambun kansa, wanda Turawan Ingila suka buɗe a 1890, kuma daga nan aka riƙa raba wa manoma irin koko. Na yarda, don saiwoyinsa kaɗai sun fi ni tsayi. Ga iskar kan dutse mai sanyi, ka manta da zafin Ankara.

To amma fa akwai abin da ya ɓata mini rai, har yanzu in na tuna sai ya taso. Wasu matasa suka zo da ƙatuwar sifika suka dasa kusa da mu, kiɗa kamar gidan biki. Na je da girmamawa na ce dattijuwa za ta yi Azahar, su ɗan rage. Suka rage, tana kabbara suka ƙara. Sai da muka naɗe tabarma muka koma can ƙarshen layin dogayen bishiyoyin dabinon ado na bakin shiga. Wuri irin wannan, mutum ya taso tun daga gari don ya ji kukan tsuntsaye, a cika masa kunne? Suka kuma tashi suka bar robobi da ledoji a ciyawa.

Mai niyyar kai tsofaffi ya guji ranar hutu, ya zo da abincinsa da butarsa, ya kuma sauko da wuri, don cunkoson motoci a unguwannin Adenta da Madina, a hanyar komawa Ankara, ya kusa sa mu rasa Magariba. Kuma ya ɗauki jagora, kada ya ji ƙyashin abin da zai ba shi.