Layin bolin ɗinka na katako ya ci: leda za ka shimfiɗa, falle za ka ɗaura, ko gogewa za ka ci gaba da yi?

Shekara ta tara kenan ina aikin gyara a wani tsohon gidan wasan bolin (wasan da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon layi don a kayar da kwalaben da aka jera a ƙarshensa) a jihar Mishigan ta Amurka, kuma a ƴan watannin nan mutum uku daga gida Najeriya sun tuntuɓe ni da magana kusan iri ɗaya, wai sun samu layukan katako na hannu daga wani gidan wasa da aka rufe, za su loda a kwantena, toh me za su shimfiɗa a kai tunda katakon ya ci. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta abin da idona ya gani, saboda wallahi kuɗin da ake zubawa a harkar nan ba kaɗan ba ne kuma kuskure ɗaya sai ya sa mutum ya biya sau biyu.

Da farko ka san me ka saya. Daga zanen farkon layi da ɗan wasa ba ya tsallakewa zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, faɗin kuma inci 41 da rabi, sirarin katakai 39 ne aka jera su a tsaye gefe da gefe aka haɗe da ƙusoshi ta ciki. Farkon layin inda ƙwallo ke faɗuwa da kuma can ƙarshe inda kwalabe ke tsayawa katakon mapul ne mai tauri, tsakiya kuma fayin ne, shi ya fi laushi. Ƙwallo mafi nauyi da doka ta yarda fam 16 ce, wajen kilo 7 da ɗan ɗoriya, ka lissafa sau nawa ake maka ta a wuri ɗaya a rana, balle yara da ƴan koyo da suke cilla ta sama ta faɗo tim kamar an yar da turmi. Ga kuma ƙwallayen zamani da suka shigo farkon shekarun 1990, su shan man da ake shafa wa layi suke suna kama ƙasa sosai, sai ka ga sun yi wa layi wata hanya a gefen dama kamar turbar shanu.

Hanya ta farko ita ce wadda kakanninsu suka saba, a kawo inji a goge da sanfefa a cire tsohon fenti a daidaita, a sake shafa sabo. Mu a wajenmu duk shekara ana sabunta shafen sama, bayan shekara biyu ko uku kuma a yi babbar gogewa. Idan katakonka yana da sauran kauri gaskiya babu abin da ya kai wannan daɗin wasa, tsofaffin ƴan wasa har ƙarar ƙwallo a kan katako suke so. Amma kowace gogewa cin naman katakon take yi. Ranar da na fara ganin abin da ake tsoro ba zan manta ba, mai gogewa ya wuce layi na 7 ya kashe inji ya kira ni, na durƙusa na shafa da tafin hannu sai na ji wani abu yana ɗan kartar fata, na haska tocila sai ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a jere a tsakanin katakai, bayan ƙusoshi ne suka fara leƙowa. Daga nan gogewa ta ƙare wa wannan layin. Kuma kai da za ka kai su Kano ko Abuja ka tambayi kanka waye zai maka wannan aikin, don ba aikin kafintan kujeru ba ne, inji ne na musamman da gwani na musamman, a nan Amurka ma masu yinsa raguwa suke yi kullum.

Ta biyu ita ce ledar kariya, ita ce mutane suka fi tambayata a kai saboda ta fi sauƙin kuɗi. Ka ɗauke ta kamar sikirin gad na waya, garai-garai take kana hango katako da kibiyoyin saiti ta cikinta, ƙwallo ita take duka maimakon fentin. Sunayen da za ka fi ji a bakin masu harkar su ne Guardian da Lane Shield. Iri biyu ce a taƙaice, akwai siririya mai gam a baya da ake mannawa gaba ɗaya a jikin layin, akwai kuma mai ɗan kauri kamar faranti wadda ake shimfiɗawa a kama ta. Siririyar tana da laushi, ƙwallo tana kama ta da wuri ta lanƙwasa tun kafin inda kake so, don haka sai ka ƙara mai ko ka canza yadda injin mai yake zubawa, kuma a wurin faɗuwar ƙwallo tana saurin yin zane da tabo. Mai kaurin ta fi jure duka. Dukkansu suna hutar da kai shafe-shafen duk shekara da warin fenti da rufe gida na kwanaki, wannan kam riba ce babba ban musa ba.

Amma dan Allah a ji wannan da kyau, leda ba ta gyara katako, rufe shi kawai take yi. In akwai kwari a ƙasa za ta bi kwarin, in katako ya ɗaga za ta bi tudun, in katakai sun saki juna suna motsi toh motsin zai ci ta daga ƙasa. Mun taɓa ba wani ɗan kwangila aikin layuka huɗu, ya yi gaggawa saboda gasar ƙarshen mako ta matso, bai bari shafen ƙasa ya bushe sosai ba kuma bai share ƙurar gogewa yadda ya kamata ba, sati uku ba a yi ba na zo da safe na tarar da ƙuraje a ƙarƙashin ledar kamar fatar da ta ƙone, ka danna da babban yatsa iskar ta gudu gefe ka ɗaga ta dawo. Daga baya ruwan wanke layi ya samu kafa ta bakin gefe ya shiga, wurin ya yi baƙi, da muka ɓare sai da gam ɗin ya taho da ɓarɓashin katako. Abin ya ci min rai sosai don ledar kanta lafiyarta lau, aikin ne aka ha'inta. Shi ya sa in za ka saya kar ka tsaya kan farashin naɗi ɗaya, ka tambaya waye zai shimfiɗa, ya taɓa yi a ina, kuma in ta yage a tsakiya ana iya yanke wurin a yi faci ko sai an cire duka.

Ta uku ita ce fallen roba mai tauri, wanda ya fara shigowa a 1977 kuma yanzu shi ne a mafi yawan gidajen bolin. Kamar fomeka yake amma mai kauri da nauyi, an buga masa hoton katako a fuska, ana kawo shi gunduwa-gunduwa a ɗaure da sukurori a kan tsohon katakon bayan an goge an daidaita, wato katakonka ya koma harsashi kenan. A kamfanonin da ke yinsa, Brunswick suna da nasu irin su Pro Lane da Anvilane, QubicaAMF suna da SPL, da can kuma akwai HPL na AMF wanda har yanzu ana samunsa na hannu. Shi ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma kuɗin ba a fallen kaɗai ya tsaya ba, tunda layi ya ƙara tudu sai an taɓa kwatocin gefe da wurin tsayuwar kwalabe, a sake saita injin jera kwalabe, in ba haka ba ya riƙa kuskure. Amma in an gama an gama, babu gogewa babu fenti, wanki da mai kawai, ƙwallo tana tafiya iri ɗaya yau da gobe, ga shi yana haske in an kunna fitilar nan mai shuɗi da dare wadda samari da iyalai suke so, kuma a gida su ne za su fi kawo maka ciniki ba ƴan gasa ba.

Akwai masu raba ƙafa, su sa falle a farkon layi inda duka ya fi yawa, sauran su bar katako ko su shimfiɗa leda. Dabara ce mai kyau in aljihu bai kai ba, sai dai mahaɗar nan tana buƙatar ido, in ta ɗaga ko da kaɗan ne za ka ji ƙwallo ta yi ƙwas tana wucewa, kuma ƴan wasa za su ga tafiyarta ta canza a daidai wurin.

Wani abu da masu sayarwa ba sa kawowa shi ne filin takawa, wato ƙafa 15 ko fiye da ɗan wasa yake tafiya ya zame kafin ya saki ƙwallo. Na roba yana kama takalmi in iska ta yi laima, mutum ya zo zamewa ƙafa ta tsaya cak, gwiwa ce ke shan wahala. Ka tuna yadda damina take a watan Agusta. In filin takawarka na katako yana da lafiya ni dai zan ce ka bar shi yadda yake.

Toh ga inda na tsaya. In a nan kake, katakonka bai saki ba, kuma haya kake ko shekaru kaɗan kake son ja kafin ka tara kuɗi, leda mai kauri ta wadatar. Amma wanda zai kai gida lissafinsa daban ne. Katakon da ya shekara 40 ko 50 a ɗaki mai sanyi zai sha zafin kwantena a teku, ya zo ya tarar da hunturu mai tsotse danshi har ƙofar ɗaki ta tsage, sannan damina ta kumbura shi, ga wuta da ba ta tsayawa balle a ce AC zai riƙe ɗakin a yanayi ɗaya dare da rana, ga gara, ga ƙurar hunturu wadda in ta haɗu da man layi sanfefa take komawa a ƙarƙashin ƙwallo. Leda mai gam a kan katakon da ke buɗewa yana rufewa haka ba na jin za ta daɗe. Ni da kuɗina ne falle zan sa, ko da na hannu ne mai kyau, in rage yawan layukan in ya kama, takwas masu lafiya maimakon goma sha biyu.

Kafin ka biya ko sisi ka tura wanda ka yarda da shi ya je da kansa. Ya ɗora ma'auni a faɗin layi a wurare da yawa, hukumar bolin ta Amurka USBC kwari ko tudu ko karkata da ta yarda da shi bai wuce kashi 40 cikin 1000 na inci ba, wajen milimita ɗaya kenan. Ya auna kaurin da ya rage ta bakin gefe, ya haska tocila a kwance ya nemi ƙyallin ƙusa, ya taka farkon layin da nauyinsa ya ji ko yana ƙara, ya leƙa ƙasa ya duba tabon ruwa. In kuma an riga an manna wa layin tsohuwar leda, ya sa a ɗaga masa kusurwa ɗaya a gabansa ya ɗauko maka hoton abin da ke ƙasa.